Hoton Da Babu Inuwar Kowa A Cikinsa

A watan Oktoban 1840, wani ma'aikacin ma'aikatar kuɗi ta Faransa mai suna Hippolyte Bayard ya tuɓe riga, ya ɗaura mayafi a ƙugu, ya jingina ya rufe ido a gaban kyamararsa. Da hoton ya fito, sai ya juya bayan takardar ya rubuta cewa wannan gawar Bayard ce, wanda ya faɗa ruwa don baƙin cikin gwamnati ta ba Louis Daguerre komai, shi kuwa ta yi watsi da shi. Har ya ja hankalin mai kallo ga yadda fuska da hannuwa suka yi baƙi, wai gawa ta fara ruɓa. Rana ce kawai ta ƙona su. Mutumin ya ƙara kusan shekara 47 a duniya, sai a 1887 ya rasu.

Ƙorafinsa yana da tushe. Shi ma ya gano tasa hanyar kama hoto a kan takarda, har ya baje kolin aikinsa a birnin Paris a 1839. Amma Daguerre aka yanka wa fanshon faran 6,000 duk shekara, shi aka sallame shi da faran 600 ya sayi kayan aiki. Sana'ar ba ta cika shekara biyu da bayyana ga duniya ba, ga shi har an yi ƙarya da ita.

Masu hoton farko ma tilas ce ta koya musu haɗe-haɗe. Sinadarin da ake shafa wa gilashin ɗaukar hoto a lokacin yana da saurin kama shuɗin haske, saboda haka in ƙasa ta fito daidai, sama sai ta wanke fes, babu gajimare ko ɗaya. Gustave Le Gray ya warware matsalar a wajen 1857: ya ɗauki teku daban, ya ɗauki sama daban, ya haɗa su a takarda guda. Wani lokaci gajimaren da ke kan teku a wannan hoto shi ne dai a kan wani tekun a wani hoton. A shekarar ce kuma Oscar Rejlander ya nuna wani ƙaton hoto a Manchester, na wani dattijo da samari biyu, ɗaya ya nufi hanyar kirki, ɗaya ta shashanci. Daga nagatif fiye da 30 ya harhaɗa shi, mutanen da ke ciki ba su taɓa tsayawa tare a ɗaki ɗaya ba. Sarauniya Victoria ta sayi kwafi. Tun a wancan lokaci masu sana'ar suka fara cacar baki a kan ko wannan hoto ne ko zane ne da aka yi da kyamara.

'Yan damfara ba su yi jinkiri ba. Bayan yaƙin basasar Amurka, wanda ya ci rayuka sama da 600,000, William Mumler ya riƙa sayar wa masu makoki hotunansu da wata farar inuwa a bayansu, wai ruhin mamacinsu ne. An gurfanar da shi a kotu a New York a 1869, aka kasa tabbatar da laifin, ya koma kasuwarsa. Har matar Shugaba Lincoln ta zo ya ɗauke ta da “ruhin” mijinta dafe da kafaɗunta. A Tarayyar Sobiyet kuwa gwamnati ce da kanta ta riƙe wuƙar kankara. Nikolai Yezhov, shugaban 'yan sandan ciki, yana tsaye kusa da Stalin a bakin wata mashigar ruwa a wani hoto na 1937. Da aka harbe shi a 1940, sai aka kankare shi daga hoton, aka cike gurbinsa da ruwa.

Duk da wannan siddabaru, akwai abu ɗaya da bai taɓa motsi ba. Tekun Le Gray teku ne na gaske, gajimarensa ma ya taɓa ratsa sama wata rana. Fatalwar Mumler wani mai rai ne da aka ɗauka tun farko. Yezhov sai da ya tsaya a gaban kyamara kafin a iya goge shi. Kowane ɓangare na ƙaryar daga wani abu da haske ya taɓa aka yanko shi.

A kan wannan ne malaman Musulunci da suka halatta hoton kyamara suka kafa hujjarsu. Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, wanda ya zama Muftin Masar a 1914, ya rubuta ɗan littafi a kan mas'alar, inda ya bayyana cewa mai kyamara ba ya ƙaga sura, inuwar abin da Allah Ya riga Ya halitta kawai yake tsarewa. Waɗanda suka bi wannan ra'ayi sukan ce ai kamar mutum ne ya ga kansa a madubi, sai dai an hana surar gushewa. Ba kowane malami ya gamsu ba, har gobe akwai masu taƙaita halaccin ga lalura irin ta fasfo da katin shaida. Abin lura shi ne, mufti a Alƙahira da editan jarida a Landan, kowa da dalilinsa, sun dogara da abu guda: in akwai hoto, to akwai wanda ya tsaya a gaban kyamara.

Masu situdiyo a Afirka ta Yamma sun yi wasa da wannan iyaka ta wata fuskar mai ban sha'awa. Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, yana ajiye rediyo da agogo da alƙalami da kwat da babur samfurin Vespa don masu zuwa ɗaukar hoto. Talaka zai shigo da rigarsa ɗaya, ya fita a hoto yana dafe da rediyon da bai mallaka ba. A garin Shama na ƙasar Gana, Philip Kwame Apagya ya riƙa rataya labulayen da aka zana wa jirgin sama da firij cike da abinci da falo mai talabijin, mutum ya ɗaga ƙafa kamar zai hau matakalar jirgi. Duk wanda ya taɓa shiga shagon mai hoto a Kano ko Damagaram kafin zuwan wayar salula ya san irin labulen nan mai lambu da bene, da furen roba da ake riƙewa, da roƙon da ake yi wa mai hoto ya ɗan gyara fuska in ya zo wanki. Ba wanda aka yaudara. Dangin da aka aika wa hoton a ƙauye sun san jirgin zane ne. Abin da suke dubawa shi ne ko ɗansu ya yi ƙiba ko ya rame, kuma a nan hoton ba ya musu ƙarya.

A 1975 wani matashin injiniya a kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya harhaɗa kyamarar dijital ta farko. Nauyinta ya haura kilo uku da rabi, hotonta baƙi da fari ne mai ɗigo 10,000 kacal, kuma sai ta yi daƙiƙa 23 kafin ta adana shi a kaset. Manyan kamfanin ba su ga dalilin gaggawa ba, tunda fim ne ke kawo musu kuɗi. A Janairun 2012 Kodak ya nemi kariyar kotu saboda karyewar jari.

Abin da dijital ya kawar shi ne nagatif, wato shaidar da ake iya ɗagawa a duba a haske. Hoto ya koma lambobi, lambobi kuwa ana canza su ba tare da tabo ba. A Fabrairun 1982 mujallar National Geographic ta matso da dalolin Giza kusa da juna da kwamfuta don su shiga bangonta mai tsaye, aka yi ta surutu. Manhajar Photoshop ta fito a 1990, aikin da Rejlander ya yi makonni yana yi ya zama na awa guda. Daga nan gidajen jarida suka shiga kafa dokoki da korar masu karya su. A 2003 Los Angeles Times ta kori Brian Walski saboda ya haɗa hotuna biyu da ya ɗauka a jere kusa da Basra, na wani sojan Birtaniya da fararen hula 'yan Iraƙi, don kawai tsarin ya fi kyau. An gane ne da aka ga wasu mutane sun fito sau biyu. A 2006 Reuters ta janye hotuna 920 na Adnan Hajj bayan an gano ya ƙara wa hayaƙin da ke tashi a Beirut kauri. Hayaƙin na gaske ne, harin ma na gaske ne, ƙarin gishirin ne ya jawo masa. A gasar World Press Photo ta 2015, kashi 20 cikin ɗari na hotunan da suka kai zagayen kusa da na ƙarshe an fitar da su bayan an gwada su da ainihin fayil ɗin da kyamara ta adana.

Ana wannan tsanani a ɗakunan labarai, ashe gyaran ya riga ya shige cikin kyamarar kanta. Wayar zamani ba hoto ɗaya take ɗauka in an danna ba. Takan ɗauki hotuna da yawa a cikin ƙiftawar ido, ta tsinci haske a wannan, ta tsinci kaifi a wancan, ta haɗa, irin aikin Le Gray dai amma ba tare da ta nemi izini ba. Wani lokaci wannan alheri ne. Shekaru da dama fim mai launi an daidaita shi ne da katin gwaji mai hoton farar mace, shi ya sa baƙar fata kan dushe a hoto, sai ido da haƙori. Kamfanin Transsion, mai wayoyin Tecno da Infinix da itel, ya samu kasuwar Afirka har da dalilin cewa ya saita kyamarorinsa don fuskar baƙar fata ta fito sosai. Wani lokaci kuma abin yakan wuce gona da iri. A Maris na 2023 wani ya dusashe hoton wata a allon kwamfuta da gangan, ya kashe fitila, ya ɗauki allon da wayar Samsung, sai ga wata ya fito da ramukansa tsaf, bayanan da babu su a allon. Kamfanin ya yi bayanin cewa wayar tana gane wata ne ta ƙara masa kaifi da ƙirƙirarriyar basira. A Oktoban shekarar, wayar Pixel 8 ta Google ta zo da dabarar ɗauko fuskar mutum mai murmushi daga wani hoton a dasa a wanda ya rufe ido. Sakamakon shi ne hoton iyali na wani lokaci da bai taɓa faruwa ba, kodayake duk fuskokin nasu ne.

Tsallen gaske ya zo a 2022, da fitowar DALL-E 2 da Midjourney da Stable Diffusion. Waɗannan manhajojin ƙirƙirarriyar basira an horar da su da miliyoyin hotuna da bayanansu, mutum ya rubuta abin da yake so, su tsamo masa sura daga tarin ɗige-ɗige. A Afrilun 2023 Bajamushe Boris Eldagsen, wanda ya shafe shekaru a sana'ar, ya hau dandamali a Landan ya ƙi karɓar kyautar da ya ci a wani rukuni na gasar Sony World Photography Awards. Hoton nasa na mata biyu ne, tsohuwa a bayan budurwa, mai kama da na shekarun 1940. Matan ba su taɓa rayuwa ba. Ya ce ya shiga ne don ya gwada ko gasannin sun shirya wa abin da ke tafe, kuma a ganinsa irin wannan sura da hoton kyamara bai kamata su yi takara a fage ɗaya ba. Masu gasar sun ce ya sanar da su akwai hannun na'ura a aikin, suka zarge shi da yaudara, suka cire hoton daga shafinsu.

Gaskiyar Eldagsen ta fi ta masu cewa ai dama can ana gyara hoto. Gyara daban, ƙagawa daban. Hujjar al-Muɗi'i, wadda ta ɗauki hoton fim da na dijital har da na wayar da ke haɗa goma ta ba da ɗaya, ba ta da abin kamawa a nan, domin babu inuwar kowa da aka tsare. Ido kuma ya daina rarrabewa. A Yunin 2024 Miles Astray ya juya gwajin: ya shigar da hoton gaske na tsuntsun filamingo da ya ɗauka a tsibirin Aruba, ya cusa kai cikin jiki har ya zama kamar ba shi da kai, a rukunin hotunan na'ura na gasar 1839 Awards. Alƙalai suka ba shi na uku, jama'a suka zaɓe shi gwarzonsu, sannan aka kore shi da ya faɗi gaskiya.

Tunda duban hoto bai isa ba, masu sana'ar sun koma tambayar daga hannun wa ya fito, kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi kafin su karɓi matani. Adobe da New York Times da Twitter sun fara wani yunƙuri a 2019, wanda ya kai ga ƙa'idar C2PA a 2021: kyamara ta sa wa hoto hatimin sirri tun lokacin ɗauka, duk gyaran da aka yi daga baya a rubuta shi a jere, da manhajar da aka yi shi da ita. Leica M11-P, wadda ta fito a Oktoban 2023, ita ce kyamara ta farko da ta zo da wannan a cikinta, a kan kuɗi sama da dala 9,000. Mutuncin mai kawo hoto ya zama jari. A Maris na 2024, da fadar Kensington ta fitar da hoton Gimbiya Catherine da 'ya'yanta uku, kamfanonin AP da Reuters da AFP da Getty suka janye shi cikin sa'o'i saboda hannun rigar 'yarta bai daidaita ba. Washegari ta amsa cewa ita ta taɓa shi. Wani babban jami'in AFP ya ce daga ranar sun daina ɗaukar fadar a matsayin majiyar da ake karɓa ba bincike.

Sai dai hatimin yana da rauni a daidai inda aka fi bukatarsa. Hoton rikici ko na ambaliya ko na ɗan siyasa da ke isa wayar mutum a Gusau ko Maraɗi yawanci ya bi ta hannu goma a WhatsApp, an matse shi, an yanke gefensa, wani ma allon wayarsa ya ɗauka ya tura. Ɗaukar allo sau ɗaya ta isa ta yar da duk bayanan da kyamara ta liƙa. Shi ya sa masu tantance labarai a Dubawa da Africa Check har yanzu da hannu suke aikin: su nemi inda hoton ya fara bayyana a intanet, su duba lambar mota da rubutun allon shago da inda inuwa ta faɗi, in ta kama su buga waya garin su tambayi wanda yake wurin.