Haɗurran jiragen horas da matuƙa na Sojan Saman Najeriya

Tun kafa Rundunar Sojan Saman Najeriya a 1964, Kaduna ce cibiyar koyar da matakin farko na tuƙin jirgi, kuma can ne wasu munanan haɗurran horaswa suka auku.

Ranar 24 ga Agusta 2017 wani ƙaramin jirgi samfurin Air Beetle, wanda a nan gida aka harhaɗa shi, ya faɗi a Kaduna. Malamin tuƙi Adanu Ochai ya rasu. Ranar 19 ga Afrilu 2022 kuma jirgin Super Mushshak ƙirar Pakistan ya faɗi a sansanin Sojan Sama na Kaduna, matasan hafsoshi biyu suka riga mu gidan gaskiya. Rashi ne babba, domin ana shafe shekaru kafin a samu ƙwararren matuƙi guda.

A Makurɗi kuma, jirgin FT-7NI ƙirar Sin ya faɗi ranar 14 ga Yuli 2023 yana atisaye. Matuƙansa biyu sun tsira, saboda kujerun gaggawa sun cillo su waje suka sauko da lema.