Tambayar Arjuna da Ba a Rufe Ba: Nazarin Ɗa'a a Bhagavad Gita da Matsalar Raba Shi da Mahabharata

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda manazarta suka yi ta fitar da koyarwar ɗa'a masu karo da juna daga Bhagavad Gita tun 1785. Hujjarta ita ce, yawancin saɓanin ya samo tushe daga karanta littafin shi kaɗai, alhali yanki ne na Mahabharata, kuma sassan da suka biyo bayansa sun ci gaba da tuhumar amsar da ya bayar.

1.0 Matanin da Matsalarsa

Gita baiti 700 ne cikin babi 18, a harshen Sanskirit, kuma yana cikin littafi na shida na Mahabharata, babban labarin waƙa na Indiya. Yawancin masana suna sa zamanin tsara shi tsakanin ƙarni na 2 kafin Miladiyya da ƙarni na 2 bayanta. Runduna biyu na jikokin gida ɗaya sun ja daga a filin Kurukshetra. Jarumi Arjuna ya hango kakansa Bhishma da malaminsa Drona a sahun abokan gaba, gwiwarsa ta yi sanyi, ya ajiye baka ya ce ba zai yi yaƙi ba. Kirishna, mai riƙe masa linzamin karusa, ya amsa da cewa rai ba ya mutuwa da mutuwar jiki, cewa yaƙi shi ne dharma, wato wajibin wanda aka haifa a ajin mayaƙa, kuma mutum ya yi aikinsa ba tare da kwaɗayin sakamako ba. Arjuna ya ɗauki bakansa.

2.0 Littafi Ɗaya, Fatawoyi Barkatai

Charles Wilkins, ma'aikacin kamfanin Ingila da ke mulkin Bengal a lokacin, ya buga fassarar Ingilishi ta farko a Landan a 1785, gwamna Warren Hastings ya rubuta mata wasiƙar gabatarwa. A Jamus Wilhelm von Humboldt ya yaba wa littafin matuƙa, sai Hegel ya mayar masa da martani a 1827 yana cewa wajibin da aka jingina ga ajin haihuwa bai kai matsayin ɗa'ar mutum mai 'yancin zaɓi ba.

A Indiya ma ba ta canza zane ba. Bal Gangadhar Tilak ya rubuta Gita Rahasya a kurkukun Mandalay, aka buga shi a 1915, ya karanta littafin a matsayin kira ga aiki da gwagwarmaya. Gandhi, wanda ya fara karanta shi yana ɗalibi a Landan ta fassarar Edwin Arnold, ya ce filin dagar shi ne zuciyar ɗan Adam, kuma wanda ya bar kwaɗayin sakamako da gaske ba zai iya kisa ba. Ambedkar ya ga kariya ce aka gina wa tsarin azuzuwa huɗu bayan addinin Buddha ya girgiza shi. D. D. Kosambi, a littafinsa na 1962, ya ce ƙarfin Gita shi ne iya haɗa ra'ayoyin da ba sa haɗuwa, don haka kowane ɓangare yake samun abin da ya zo nema.

3.0 Abin da Ya Biyo Bayan Babi na 18

Bayanin Kosambi yana da nauyi, amma a ganina bai isa ba. Wanda ya tsaya a inda Arjuna ya miƙe zai ɗauka an kashe magana. Wanda ya ci gaba da Mahabharata zai tarar da akasin haka. Cikin kwanaki 18 na yaƙin, da shawarar Kirishna aka karya ƙa'idojin yaƙi ɗaya bayan ɗaya. An kashe wata giwa mai suna Ashwatthama, sunan ɗan Drona, aka sa Yudhishthira, yayan Arjuna, wanda ba a taɓa jin ƙarya a bakinsa ba, ya sanar da mutuwar ta yadda tsohon zai zaci ɗansa ne. Drona ya zubar da makamai, aka sare kansa. An harbi Karna, jarumin abokan gaba, yana ƙoƙarin ciro ƙafar karusarsa daga ƙasa. An doki Duryodhana, jagoran abokan gaba, a cinya, wurin da dokar faɗa da kulki ta hana.

A littafi na 11 mata suka fito neman gawawwakin mazajensu, Gandhari, mahaifiyar Duryodhana, wadda ta rasa 'ya'ya 100, ta tsine wa Kirishna cewa danginsa za su hallaka juna bayan shekara 36, kuma haka aka yi a littafi na 16. A na 12, Yudhishthira da ya ci yaƙin ya nemi barin sarauta ya shiga daji. Abin da ya fi ɗaukar hankali yana littafi na 14: Arjuna ya gaya wa Kirishna cewa ya manta abin da aka koya masa a filin daga, Kirishna ya nuna ɓacin rai, ya ce ba zai iya maimaita shi yadda yake ba, ya kawo wani darasin da ya fi karkata ga ilimi da gudun duniya. Masu tsara labarin da suka bar wannan a ciki ba su ɗauki muhawarar a matsayin rufaffiya ba.

Bimal Krishna Matilal na Jami'ar Oxford ya bi wannan hanya a kundin da ya shirya a 1989 kan tsaka-mai-wuyar ɗa'a a Mahabharata, Amartya Sen kuma a 2009 ya nuna cewa damuwar Arjuna da abin da yaƙin zai haifar hujja ce mai zaman kanta. Gandhi ma ya lura da hawayen waɗanda suka yi nasara, ko da yake ya wuce gona da iri da ya mai da yaƙin duka ishara.

4.0 Wata Suka

Za a iya cewa ba Turawa suka fara ware Gita ba. Gaskiya ne. Malamin Hindu Shankara ya yi masa sharhi shi kaɗai wajen ƙarni na 8, Ramanuja ya biyo baya, Al-Biruni ma ya ɗebo daga cikinsa a littafinsa kan Indiya wajen 1030. Sai dai abin da ya dami Shankara da Ramanuja shi ne hanyar tsira, ilimi ne ko ibada. Mai da littafin ma'aunin halaccin yaƙi da siyasa sabon nauyi ne da aka ɗora masa daga ƙarni na 19. Wasu kuma suna ganin daga baya aka cusa shi cikin labarin. Ko da haka ne, tataccen bugun da Cibiyar Bhandarkar ta Pune ta shirya daga 1919 zuwa 1966, bayan gwada ɗaruruwan rubuce-rubucen hannu, ya bar shi a gurbinsa na littafi na shida, domin a nan kwafe-kwafen suka ajiye shi.