Horar da Malaman Addinin Musulunci a Jami'a a Nijar

Nijar ƙasa ce da mafi yawan jama'arta Musulmi ne, amma tsarin mulkin da ta yi a 2010 ya raba gwamnati da addini. Saboda haka makarantun boko na Faransanci ba su ne ke ɗauke da karatun addini ba. Nauyin ya faɗa kan makarantun allo, Islamiyyu da makarantun Faransanci da Larabci, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a garin Say a 1957.

Babbar cibiyar da ke yaye malaman wannan fanni ita ce Jami'ar Musulunci ta Nijar da ke Say, a jihar Tilaberi. Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ce ta yanke shawarar kafa ta a taronta na Lahore a 1974, tare da takwararta ta Uganda, sannan ta fara aiki a 1986. Ana koyar da Larabci, shari'a, ilimin addini da dabarun koyarwa, kuma sashen mata yana Yamai. Zaɓen Say ya dace ƙwarai, domin gari ne na malamai tun zamanin Alfa Mahaman Jobbo.

Kafin a kai ga jami'a, a jihar Maradi misali, yaron Gangara, Agiye, Gazawa ko Gidan Rumji yakan fara da allo a zauren malam. Idan yana neman takardar shaidar koyarwa, sai ya bi makarantar Faransanci da Larabci har ya sami bakaloriya. Wasu kuma Katsina, Kano ko Jami'ar Azhar ta Masar suke nufa.