Daga Dogarai Zuwa EFCC: Ina Mai Digiri Na Biyu a Nazarin Laifuka Zai Nufa?

Jiya bayan isha'i ɗan yayata ya same ni a ƙofar gida. Shekara biyu ke nan da gama digirinsa na biyu a nazarin laifuka da hukunci, har yau yana zaune. Ya ce, "Kawu, in ba EFCC ba, ina kuma zan je?" Na ce masa zauna mu ɗan waiwaya baya.

A da, a ƙasar Hausa, aikin nan na fada ne. Dogarai su kamo mai laifi, alƙali ya yanke hukunci, Yari ya tsare, shi ya sa har gobe muke cewa gidan yari. Da Turawa suka zo sai En'e ta samu 'yan doka. A 1930 aka haɗe 'yan sandan Arewa da na Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Najeriya, amma 'yan doka da gidajen yarin En'e suka ci gaba da aiki har ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gwamnatin soja ta mayar da su hannun tarayya. A wancan zamanin ƙarfin jiki da yardar manya ake dubawa, ba takarda ba.

Daga baya laifi ya sauya kama, hukumomi suka ƙaru. NDLEA a 1989, ICPC a 2000, EFCC da NAPTIP a 2003. Mai bin sawun kuɗin sata ko masu safarar mutane, biro da kwamfuta yake buƙata fiye da kulki.

Amma ƙofar da matasanmu ba sa kallo ita ce ta 2019. A shekarar ne Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar da ta mayar da gidan yari gidan gyaran hali, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba: aikin al'umma, sakin talala, sasanta mai laifi da wanda aka cuta. Mafi yawan waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. To wa zai bibiyi takardunsu? Wa zai sa ido kan wanda aka saki? Aikin masu irin karatunsa ne. Ga koyarwa a jami'o'i da makarantar 'yan sanda ta Wudil, ga sashen binciken zamba a bankuna, ga ƙungiyoyin kare haƙƙin fursunoni.

Sai dai na gaya masa gaskiya, a matsayina na wanda ya daɗe a aikin gwamnati. Hukumomin kaki suna da iyakar shekarun ɗauka, digiri na biyu ba ya ɗage ta. Duk shekarar da ka ɓata kana jiran waje guda, wata ƙofar ce ke rufewa.

Ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, gidan yari fa?" Na ce ai da Yari muka fara.

In kuna da irinsa a gida, ku nuna masa wannan. Allah Ya ba yaranmu abin yi na halal.