Jera launi a fentin ruwa

Jera launi wata dabara ce a zanen fentin ruwa, inda ake shafa launi marar kauri a kan takarda, a bari ya bushe, sannan a ɗora wani a kansa. Fentin ruwa shara-shara ne, don haka launin ƙasa yana lekowa ta cikin na sama: shuɗi a kan rawaya yana ba da kore. Abin da ke riƙe garin launin a takarda shi ne ƙaro, wanda ake samu daga itacen dakwara, irin wanda ake zubawa a tawadar allo. Mai zanen Ingila J. M. W. Turner (1775–1851) ya yi fice a wannan fanni.

Yadda ake yi

Ana farawa daga launi mai haske zuwa mai duhu, domin mai haske ba ya rufe mai duhu. Ba a cika amfani da farin fenti ba. Farin takarda shi ne hasken, kuma inda aka shafe shi da wuya ya dawo. Shafin farko ruwa-ruwa ne, na sama da ƙasa. Na biyu yana fitar da siffar bishiyoyi, rumbuna da katanga. Inuwa da rassa su ne na ƙarshe, da fenti mai ɗan kauri. Shafi uku yakan wadatar. Kuskuren da ya fi yawa ga mai koyo shi ne gaggawa: idan na ƙasa bai bushe ba, burushi zai tayar da shi, launukan su cakuɗe su koma kamar taɓo. Takarda mai nauyin giram 300 ta fi jure jiƙa ba tare da lanƙwashewa ba.

Zane a fili

A yammacin Zamfara, kamar Anka, Gummi da Bukkuyum, yanayi ne ke tsara aikin. Da hunturu shafi yana bushewa cikin 'yan mintuna, abin da ke rage jira, amma gefensa kan bushe kafin a gama shafa sama, ya bar layi. Maganinsa a dama fenti mai yawa tun farko, a yi amfani da babban burushi, a zauna a inuwa. Ƙura kuma tana manne wa jiƙaƙƙiyar takarda. Da damina jiran ne ke tsawo.

Inuwa tana tafiya da rana, shi ya sa masu zane ke sa mata alama da fensir tun da suka zauna, su bi alamar har su gama. Hantsi da la'asar sun fi dacewa, saboda da tsakar rana inuwa gajera ce.