Hanyoyi uku na shiga intanet a jami'a: kebul, Wi-Fi da layin tarho

Jami'a ce mahaifar intanet. A watan Oktoban 1969 aka aika saƙon farko ta ARPANET, kakar intanet ta yau, daga Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjeles zuwa Cibiyar Bincike ta Stanford a Amurka. Tun daga lokacin, hanyoyi uku ne suka fi shahara wajen sada ɗalibi ko malami da intanet: kebul, Wi-Fi, da kiran lamba ta layin tarho. Dukansu ukun zangon ƙarshe ne kawai na doguwar hanya, wato tsakanin na'urar mutum da cibiyar sadarwar jami'a. Daga wannan cibiya ne babban layi yake fita zuwa duniya.

Kebul

Hanyar kebul ta dogara ne da fasahar Ethernet, wadda Robert Metcalfe da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Xerox a 1973. Ana soka kan kebul ɗaya a jikin kwamfuta, ɗaya kuma a soket ɗin bango, daga nan ya zarce zuwa na'urar da ke rarraba layi a cikin ginin. A cikin kebul ɗin akwai siraran wayoyin tagulla takwas, an murɗe su biyu-biyu domin rage katsalandan na lantarki.

Kebul na tagulla ba ya wuce mita 100, shi ya sa ake amfani da kebul na faiba, mai ɗaukar saƙo ta hasken da ke ratsa zaren gilashi, wajen haɗa gini da gini. Gudun Ethernet a ƙa'idarsa ta farko megabit 10 ne a daƙiƙa, ya kai 100 a 1995, sannan ya kai 1,000 kafin shekarar 2000. Saboda tabbacinsa, shi ake sa wa ɗakunan kwamfuta da ofisoshi da cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, inda yankewar minti ɗaya ke iya jawo wa ɗalibi asara. Illarsa ita ce ɗaure mutum wuri guda, ga tsadar haƙa rami da shimfiɗa kebul.

Wi-Fi

Aika bayanan kwamfuta ta iska ma a jami'a ya samo asali. A 1971 Jami'ar Hawayi ta fara amfani da ALOHAnet, wadda ta haɗa kwamfutocin tsibirai ta hanyar rediyo. Ƙa'idar farko ta Wi-Fi, mai lamba 802.11, ta fito a 1997 da gudun megabit 2, sai ta 1999 ta kai shi 11.

Ko da yake ana kiransa maras waya, Wi-Fi a kan kebul yake tsaye. Kowace na'urar watsa sigina da aka kafa a silin ko a bango tana da kebul a bayanta. Na'urorin kan yi aiki a zango biyu: gigahaz 2.4, wanda ke zuwa nesa kuma ya fi ratsa bango, da gigahaz 5, wanda ya fi gudu amma bai kai na farko nisa ba. Duk waɗanda suka hau na'ura ɗaya raba ƙarfinta suke yi, wannan ne ya sa intanet kan yi nauyi a babban ɗakin lacca ko ɗakin kwanan ɗalibai da daddare, alhali sigina a cike take.

Galibi jami'a kan ba kowane ɗalibi da ma'aikaci suna da kalmar sirri. Akwai kuma tsarin eduroam, wanda aka faro a Turai a farkon shekarun 2000, ya kuma bazu zuwa ƙasashe fiye da 100. Da shi, wanda jami'arsa ta shiga tsarin zai iya hawa Wi-Fi na wata jami'ar da shaidarsa ta gida, ba tare da sabuwar rajista ba.

Layin tarho

Wannan ce tsohuwar hanyar shiga daga wajen harabar jami'a. Ana jona kwamfuta da modem, a jona modem da layin tarho na girke, sai ya kira lambar jami'a, inda jerin wasu modem ke jiran kira. Aikin modem shi ne mayar da bayanan kwamfuta su zama sauti, ya kuma mayar da sauti ya koma bayanai. Idan duk layukan sun cika, sai mai kira ya jira wani ya sauka, kuma muddin yana kan intanet, ba mai samun gidan a tarho.

Ƙololuwar gudunsa kilobit 56 ne a daƙiƙa. Fayil mai nauyin megabait 5 zai ci kusan minti 12 kafin ya sauka, alhali a kebul mai megabit 100 bai kai daƙiƙa ɗaya ba. A yau hanyar ta zama tarihi. Kamfanin AOL na Amurka, wanda ya yi suna da ita, ya rufe nasa layin a ƙarshen Satumban 2025.

Yadda abin yake a Najeriya

Layin tarho bai yi tasiri sosai a jami'o'in Najeriya ba, domin layukan girke na NITEL ba su kai rabin miliyan ba kafin zuwan wayar salula a 2001. Jami'o'i da dama sun koma ga tauraron ɗan'adam, mai tsada da ƙarancin gudu. Sauƙi ya fara samuwa a 2010, lokacin da kebul ɗin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo-1 suka fara aiki daga Legas. A 2014 aka ƙaddamar da NgREN ƙarƙashin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wadda ta fara da haɗa jami'o'in tarayya 27.

Duk da haka, kowace hanya mutum ya bi, gudun da zai samu ba ya wuce ƙarfin layin da jami'a ta saya, wanda dubban mutane ke rabawa. Sai kuma wutar lantarki: da zarar ta ɗauke a ginin da na'urorin rarraba layi suke, kebul da Wi-Fi duka sun tsaya, sai fa in akwai janareto ko sola. A irin wannan hali ɗalibai kan koma ga datar wayoyinsu.

Abin lura ga mai amfani

Aiki mai nauyi ko mai ƙayyadadden lokaci, kamar jarrabawa da rajistar kwasa-kwasai, ya fi dacewa da kebul. Wi-Fi ya wadatar wajen karatu da bincike na yau da kullum. Kafin hawa kowane Wi-Fi, ya kamata a tabbatar da sunansa daga cibiyar sadarwar jami'a, domin 'yan damfara kan buɗe na bogi mai kama da na gaske don satar kalmar sirri. Bai kuma kamata a ba wani aron kalmar ba, saboda duk abin da aka aikata da ita, sunan mai ita ne zai fito a rajistar jami'a.