Inuwar Giginya: Gana da Ma'aikatan Jinyarta

Daga kasuwar kayan gyaran motoci ta Abossey Okai zuwa asibitin Korle Bu ba wata tafiya mai nisa ba ce. Shi ne babban asibitin da ke kusa da mutanen Sabon Zango, kamar yadda mutanen Nima suke da na Maamobi a ƙofar gida. Sai dai gini ba ya yin allura, ba ya kwana a kan mara lafiya. Nas ce take yi. Tarihin aikin jinya a Gana kuwa, rabinsa labarin horar da nas ne, rabinsa labarin yadda za a hana ta tafiya.

An buɗe Korle Bu a 1923, zamanin Gwamna Guggisberg. A wancan lokaci manyan muƙaman jinya na Turawa ne, 'yan ƙasa kuwa a bakin aiki suke koyo, kuma da yawansu maza ne, domin iyaye ba sa son 'ya'yansu mata su riƙa taɓa jikin baƙi. Sai a 1945 aka buɗe makarantar horar da cikakkun nas-nas a Kumasi, aka mai da ita Korle Bu a 1948.

Bayan samun 'yancin kai a 1957, wata mata mai suna Docia Kisseih ta ɗauki ragamar gyara. Ita ta jagoranci haɗa kan ma'aikatan jinya cikin ƙungiya guda a 1960, a 1961 kuma ta zama 'yar ƙasa ta farko da ta shugabanci aikin jinya na Gana baki ɗaya. A zamaninta ne, cikin 1963, Jami'ar Gana da ke Legon ta fara horar da malaman jinya da masu shugabantar asibitoci, da tallafin Hukumar Lafiya ta Duniya. Hikimar a fili take: yarinyar da ta shiga aiki ta ga matakalar da za ta hau har ƙoli, ba sai ta ƙetare teku ba. Daga baya an sa hoton Kisseih a takardar sidi ɗari.

Da tattalin arziki ya durƙushe a ƙarshen shekarun 1970 da farkon 1980, albashi ya daina kai wata, ƙwararru suka fara ficewa. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 ƙofar Ingila ta buɗe, nas-nas suka yi ta kwarara. Gwamnati ta ɓullo da alawus na ƙarin awoyin aiki. Likitoci aka fara ba, daga baya aka haɗa da sauran ma'aikata, amma abin da likita yake samu ya yi wa na nas fintinkau. Kuɗi sun ƙaru a aljihu, ɓacin rai ma ya ƙaru, domin wadda ta kwana tsaye a ɗakin majinyata ta ga ba a yi mata adalci ba. A 2006 aka narkar da alawus ɗin cikin sabon tsarin albashi.

An sake waiwayar matakalar Kisseih a 2011, da aka yi dokar kafa kwalejin ƙwarewa ta nas-nas da ungozomomi. Duk da haka ficewar ba ta tsaya ba. A 2022 kaɗai, nas-nas 'yan Gana fiye da 1,200 suka shiga rajistar aikin jinya ta Birtaniya, alhali Gana tana cikin ƙasashen da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a riƙa zuwa farautar ma'aikatansu. Ƙasa ta horar, wasu suka mora: inuwar giginya, na nesa ka sha.

Waɗanda suke tafiya galibi masu gogewa ne, su ne kuma ya kamata su koya wa sababbi. A Zango rashin ya fi ciwo. Tsohuwar da ba ta jin Turanci ko Tuwi, idan ta samu nas mai jin Hausa a Maamobi, takan faɗi abin da ke damunta ba ɓoye-ɓoye. Irin wannan nas ɗin idan ta tafi, takardar ɗaukar sabuwa ba ta cike gurbinta nan take.

Shugabar nas-nas a asibiti ba ita ke yanka albashi ba, kuma ba za ta iya gogayya da fam na Ingila ba. Amma abubuwan da tarihin nan ya nuna suna da nauyi, da yawansu a hannunta suke. Ita ke raba aikin dare, ta yi shi ba son kai. Ita ke sa hannu a takardar neman izinin ƙaro karatu, ita ke tura sunan wadda ta cancanci ƙarin girma. Ita za ta haɗa sabuwar nas da tsohuwar hannu, ta yaba a gaban jama'a, ta yi gyara a keɓe, ta kuma tsaya wa ma'aikaciyarta ranar da dangin majinyaci suka zo da zafi.

Wannan ba zai tsayar da kowa ba. Mai nauyin iyaye da ƙanne a kanta, idan dama ta zo, ba wanda zai ga laifinta. Amma akwai masu shawarar tafiya da ba su yanke ba tukuna, kuma abin da suke gani kullum a wurin aiki yana cikin abin da suke aunawa. Mu ma da muke kai marasa lafiyarmu muna da rabo a ciki: nas ɗin da aka zaga da safe a Maamobi, da dare tana iya zama ta cike takardar neman aiki a Ingila.